Abin da Ya Haura Sittin da Huɗu

Alhamis, 7 ga Satumba, 6:40 na safe

Baba yana numfashi. Abin da likita ya ce ke nan, kuma ya faɗe shi kamar wanda ya ba mu kyauta. Jiya da la'asar suka yi masa aiki a ka, a babban asibiti. Bai farka ba tukuna.

Matata, Maman 'yan biyu, a can ta kwana wurin mahaifin nata. Na kai mata mayafi da filas ɗin shayi, ta karɓa ba ta dube ni ba. Na ce, "Kin sa wani abu a cikinki?" Ta ce, "Ajiye a can." Iyakar hirarmu ke nan.

Yayanta kuwa sai kai da kawowa yake a baranda. Direban babbar mota ne, amma tun jiya ya zama likitan ƙwaƙwalwa. Kowa ya zo dubiya sai ya tare shi da labarin daga farko. Baba ya zame a banɗaki ƙarfe goma sha ɗaya. Suka kai shi ƙaramin asibitin unguwarmu, aka ɗauki hoton kansa nan da nan. Babban asibiti ba ya karɓar mara lafiya daga can sai ƙwararrensu ya ga hoton ta kwamfuta ya ce a kawo. Aka zauna awa biyu da rabi ana turawa, hoto ya ƙi isa. Da abin ya ishe su suka saka Baba da hoton a mota.

"Wai layi ne ya ƙi," in ji Yaya. "Wane irin layi ne wannan, don Allah?"

Ba wanda ya tambaye ni.

Alhamis, 12:50 na rana, ofis

Bari in rubuta shi tsaf a nan, don ranar da za a tambaye ni.

Layin da ya haɗa ƙaramin asibiti da babba namu ne. Kamfaninmu ke ba da hayarsa, ni kuma nake kula da na'urorin shekara goma sha ɗaya ke nan. Tsarin firem-rilei ne, ba wani tsafi a ciki. Kowane kwastoma yana da kason da muka lamunce masa, ko ana ha-maza-ha-mata a kan babban layi sai nasa ya wuce. Kason asibiti gudun kilobit sittin da huɗu ne a daƙiƙa. Su suka zaɓa, su suka sa hannu.

In kwastoma ya tura fiye da kasonsa ba ma hana shi. Sai dai duk ƙullin saƙon da ya haura kaso, na'ura tana buga masa tambari. In babban layi da sarari, mai tambari da mara tambari duk su wuce. In cunkoso ya tashi, masu tambari ake fara zubarwa. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Yana nan a shafi na huɗu na takardar da suka sa wa hannu.

Hoton kai ba 'yar wasiƙa ba ce. Suna cusa shi da ninki huɗu na kasonsu, kuma da tsakar rana, lokacin da kantunan nan goma sha bakwai da Manaja ya jibga mana a kan babban layin suke tururuwa. Kashi uku cikin huɗu ya sha tambari aka zubar. Kwamfutarsu ta sake turawa, aka sake zubarwa, ta gaji ta yanke, suka koma farko. Haka aka yi ta yi.

To laifin wa? Na wanda ya sa hannu bai karanta ba.

Juma'a, 8 ga Satumba, 4:15 na yamma

Mai Tabarau ta zo. Ita ce mai kula da kwamfutocin asibitocin nan biyu. Ko sallamar kirki ba ta yi ba ta wuce ofishin Manaja, fayil a hammata, tabarau a saman hanci kamar kullum. Ta gilas nake hango ta tana buga yatsa a tebur. Wai rajistar na'urarmu take so, ta wata guda.

Da za ta fita ta tsaya a ƙofar ɗakin na'urori ta ce, "Injiniya, na kira ka."

Na ce, "Malama, kowa ma kira yake."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta tafi.

Wannan matar ce fa ta tashi a taron ƙarshen watan jiya, gaban Manaja da mutum goma sha biyu, ta haska zane a bango. Yankewar da layinsu ya yi kwana biyu, wadda na ce daga igiyarsu ce, ta nuna cewa daga katin na'urarmu ne. Gaskiyarta ce, ban musa ba. Amma ba ta tsaya nan ba. Sai da ta ce, "Ko mu aro muku yaronmu mai share kwamfuta ya duba muku?" Har mai kawo ruwa sai da ya yi dariya. Shekarata goma sha ɗaya a ɗakin nan. Lokacin da na fara ɗaura igiya ko madannin kwamfuta ba ta sani ba.

Manaja ya leƙo daga baya yana gyara wuyan kwat. "Kada ka damu, takarda tana bayanmu. Haɗa mini rahoto kafin Laraba."

Asabar, 9 ga Satumba, 7:00 na safe

Bai farka ba.

Lahadi, 10 ga Satumba, 5:30 na yamma

Ya buɗe ido ɗaya, na hagu. Dangi suka cika ɗaki da hamdala har nas ta kore mu. Na tsaya daga baya. Maman 'yan biyu tana goge masa baki da auduga, na miƙa mata kofin ruwa, sai ta miƙa hannu ta ɗauki wani kofin daban.

Mahaifinta ne a kwance, na sani. Amma ni ma ba bare ba ne. Shekara goma sha shida mutumin nan bai taɓa kirana suruki ba, "ɗana" yake cewa. Ban san me na yi mata ba da take mini wannan shan ƙamshin.

Litinin, 11 ga Satumba, 1:20 na rana

Ɗakin na'urori da sanyinsa kamar firij, fitilu suna ta ƙyafta ido. Na zauna ina kallon ma'aunin babban layi. Sha biyu saura kwata ya fara hawa, sha biyu da rabi ya cika maƙil. Wata uku ke nan ina rubuta wa Manaja cewa layin nan ya yi wa kayan da ya ɗora masa kaɗan. Wasiƙa uku. Amsarsa ɗaya ce: "Ai rara ce kawai ake zubarwa." To ga rara nan.

In ana neman mai laifi ga shi can a ofis mai labule yana shan iskar fanka biyu.

Ranar Larabar na fita cin abinci sha biyu da kwata, kamar kullum. Kowane ma'aikaci yana da lokacin cin abincinsa. Wayata ta hannu kuma tana cikin loka, doka ce, ba a shiga da ita ɗakin na'urori. Sai bayan ƙarfe biyu na ga kiran Maman 'yan biyu har tara. Wannan ma ba ni na kafa dokar ba.

Talata, 12 ga Satumba, 6:10 na yamma

Yaya ya tare ni a wurin ajiye motoci na asibiti. Da na ga yadda ya nufo ni na ɗauka ya gano ni. Ashe wani nas ne ya gaya masa sunan kamfanin da ke da layin.

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Injiniya, ashe naku ne? Alhamdu lillahi, faɗuwa ta zo daidai da zama. Kai kana ciki, ka san kan abin. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, wa ya yi mana wannan?"

Na yi masa bayanin kaso da rara da tambari. Ya saurara baki buɗe. Ya ce, "Wato kamar a ce an ba motata izinin tan goma, na loda arba'in, a kan gada aka sauke talatin?"

Na ce kusan haka.

"To wa ya yi lodin?"

Na ce masu kula da kwamfutar asibiti ne ke saita gudun turawa.

Ƙarya na yi? Ban yi ƙarya ba. Kalma ɗaya ta ƙarya babu a ciki.

Laraba, 13 ga Satumba, 11:00 na safe

Na kai rahoto. Manaja ya karanta shafi biyu yana gyaɗa kai, da ya zo kan rajistar na'ura sai ya tsaya. Na'urar nan ba ta da kara, duk wanda ya taɓa ta sai ta rubuta sunansa da lokaci.

"Mene ne wannan na ranar Litinin, ashirin da takwas ga watan jiya? Ƙarfe takwas da minti shida."

Na ce gyara ne. Tun da aka kafa layin asibiti shekara biyu da suka wuce, buga tambari a kashe yake a kansa. Duk abin da suka tura, kaso da rara, wucewa yake kamar an lamunce shi. Ranar na kunna, kamar yadda yake a kan kowa.

"Wa ya bar shi a kashe?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Asibiti ne, kuma lokacin babban layi fayau yake."

"Ka aika musu sanarwar mako biyu kafin ka kunna?"

Na ce na manta.

Ya cire tabaransa ya murza ido. Ya ƙirga da yatsa daga ranar taron nan zuwa Litinin. Can ya zare shafin ya saka a aljihun tebur.

"Tsohon kuskure ka gyara, ka mayar da su kan yarjejeniya. Wannan aikin cikin gida ne, ba ruwan kwamitin asibiti da shi. Ko kana so ka jiƙa mana aiki?"

Ba don ni ya yi ba. Ya san in aka fara tona rajista, wasiƙuna uku ma za su fito.

Laraba, 3:40 na yamma

Ban manta ba.

Juma'a, 15 ga Satumba, 5:00 na yamma

Yaya ya je ofishin Mai Tabarau da safe. Wai sai da masu gadi biyu suka fitar da shi. Ya kira ta mai kisan kai a gaban marasa lafiya, ya ture mata allon kwamfuta ƙasa. Shi da kansa yake ba ni labari, yana huci, yana jiran in yaba masa.

Na ce, "Yaya, da ka bi a hankali."

Ya ce, "Hankalin me? Je ka dubi Baba ka dawo ka ce mini hankali."

Na dube shi ɗin. Gefen dama gaba ɗaya ba ya motsi. Baki ya karkace. Yana so ya yi magana, sai wani sauti ya fito kamar ana jan kujera a siminti. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koyar da lissafi, muryarsa har titi ake ji.

Na tare ƙwararren likitan a matakala na tambaye shi, da hoton ya isa da wuri fa? Ya ce, "Jini yana taruwa ne a hankali yana danne ƙwaƙwalwa. Awa biyu ba wasa ba ce. Amma ba zan rantse maka cewa da ya tashi garau ba." Ga shi nan. Shi kansa ba zai rantse ba. Amma kowa ya zama alƙali.

Lahadi, 17 ga Satumba, 8:30 na safe

Maman 'yan biyu ta dawo gida ɗaukar kaya. Minti ashirin ta yi. Ta wanke fuska, ta haɗa kayan sawa a jaka, ta tambaye ni ko na kira makarantar kwanan 'yan biyu na gaya musu jikin kakansu. Na ce na kira. Ta ce to.

Na ce, "Wai ni me na yi miki ne? Kwana goma sha ɗaya kina kallona kamar na kashe miki wani."

Ta tsaya da jan zif ɗin jakar. Na ɗauka za ta yi magana. Sai ta ƙarasa ja ta fita, ta bar ƙofa a buɗe.

Kwanukan da na bari a wurin wanki sun fara wari. Ba zan wanke ba.

Litinin, 18 ga Satumba, 12:20 na rana

Wayar teburina ta yi ƙara ɗazu, daidai wannan lokacin. Na bar ta har ta gaji. Ashe mai kawo takardar firinta ne.

Laraba, 20 ga Satumba, 6:00 na yamma

An dakatar da Mai Tabarau daga aiki har kwamiti ya zauna ranar Talata mai zuwa. Manaja ne ya gaya mini, yana murmushi kamar ƙungiyarsa ta ci ƙwallo. Rahotona suka karanta: kwastoma ya haura kasonsa, na'ura ta yi abin da aka gina ta ta yi, duba shafi na huɗu.

Da na tashi aiki na same ta a bakin get, tsaye kusa da mai gadi, babu fayil yau.

Ta ce, "Injiniya, shekara biyu hotuna suna wucewa cikin minti shida. Daga ashirin da takwas ga wata suka koma awa guda, wani lokacin su ƙi sam. Ƙorafi uku na shigar a wancan makon, duka ukun kai ka rufe su da layi ɗaya. Da ka ce mini tambari ka kunna, cikin yini ɗaya zan saita na'urarmu mai turawa ta riƙa sakin hoto a hankali daidai kasonmu. Minti ashirin da biyar zai ɗauka, amma zai isa. Me ka taɓa?"

Na ce, "Ki tambayi Manaja. Ni ma'aikaci ne."

"Ba roƙonka na zo yi ba. Na roƙe ka sau ɗaya, ya ishe ni har in mutu."

"Ban san abin da kike nufi ba."

Ta gyara tabarau ta ce, "To ka tambayi matarka."

Ina ruwanta da matata? Wa ya gaya mata ma ina da mata? Mace ta rasa aiki sai ta fara jifa da duk abin da hannunta ya kai. In da ta iya aikinta, ai da tun ranar farko ta karanta shafi na huɗu ta saita na'urarta. Wa ya hana ta?

Alhamis, 21 ga Satumba, 7:15 na safe

Ban je asibiti jiya ba. Aiki ya yi yawa.

Juma'a, 22 ga Satumba, 7:10 na safe

Yau ma ba na jin zan samu zuwa.

Asabar, 23 ga Satumba, 2:00 na rana

Na je. Zan rubuta yadda aka yi, sau ɗaya, ba zan sake karantawa ba.

Na sami Maman 'yan biyu a bayan ɗakin marasa lafiya, wurin famfo, tana wanke zanen gadon Baba a bokiti. Na tsuguna na ce, "Matar nan ta kwamfuta ta ce in tambaye ki wani abu."

Ba ta daina cuɗa zanen ba. Ta ce, "Sai yau?"

Ta ƙara ruwa a bokitin, ta ci gaba.

"Ranar da Baba ya faɗi na kira ka har na gaji. Da na ga likita ya bar mu ya nufi wani ofis, sai na bi shi. Matar tana zaune gaban kwamfuta, gumi har wuya. Ta ce masa akwai mutum ɗaya da zai iya buɗe hanyar cikin minti biyu. Ta buga waya, ta sa a lasifika don likita ya ji. Ina tsaye a bayanta, hannuna a kan kujerarta."

Ta matse zanen ta jefa a ɗaya bokitin.

"Ta ce, don girman Allah Injiniya, tsoho ne jini ke zuba a kansa, ka ɗage mana ko na rabin awa ne. Ka tuna abin da ka ce?"

Na ce, "Ban san Baba ba ne."

"Ba shi na tambaye ka ba. Ka tuna?"

Na tuna. Na ce mata ta cike fom ɗin ƙarin kaso, ana dubawa cikin kwana biyar na aiki. Na ce in tana sauri ta aiko yaronsu mai share kwamfuta.

"Har da 'yar dariyarka," in ji ta. "Wadda kake yi in ka ci wani a musu. Na buɗe baki zan ce Baban 'yan biyu ni ce, sai na ji ƙit. Muka sake bugawa sau huɗu, tana ta ƙara ba a ɗauka."

"Wallahi da na san shi ne..."

Sai a nan ta ɗago ta dube ni, karo na farko cikin kwana goma sha bakwai.

"Da ka san shi ne da ka buɗe. Na sani. Shi ya sa na kasa kallonka. Da uban wata ne fa? Da yanzu kana gida kana shan shayinka, ko a jikinka."

Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya wa Yaya ba. Ta ce tana da mara lafiya ɗaya, ba ta son na biyu. Ta ce kuma tana jira ne ta ga kwana nawa zan iya yi ina shiga ɗakin nan ina gaishe da Baba.

"Ka ma fi yadda na zata ƙarfin hali," in ji ta. Ta ɗauki bokitinta.

Litinin, 25 ga Satumba, 9:30 na safe

Na buga sabon kwafin rajistar. Minti ɗaya ya ɗauka. Manaja yana ganin aljihun teburinsa ne kaɗai wurin da take.

Ba don Mai Tabarau zan yi ba, a rubuta wannan. Har gobe ba ta da ladabi.

Talata, 26 ga Satumba, 4:45 na yamma

Mutum biyar a kwamiti, dogon tebur, kwalaben ruwa. Manaja ya yi minti goma sha biyar yana karanta shafi na huɗu da muryar mai labarai. Shugabar kwamitin, wata tsohuwar likita mai furfura, ta ce ko Injiniya yana da abin ƙarawa. Manaja ya ce babu. Na ce akwai.

Na miƙa rajistar. Na faɗi ranar, da ƙarfe nawa, da cewa ban aika sanarwa ba, da ƙorafi ukun da na rufe. Na faɗi zancen wayar da ta buga mini. Na ajiye wasiƙuna uku na babban layi a kai, don ba ni kaɗai zan sha ba. Manaja yana taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur har sai da na janye kujera.

Shugabar ta ce, "Abin da ka kunna, ya saɓa wa yarjejeniya?"

Na ce a'a, daidai yake da ita.

"To me ya sa ka zaɓi ranar?"

Na ce, "An yi mini dariya a taro ranar Juma'a."

Wani a ƙarshen tebur ya rubuta. Mai Tabarau tana kallon bango.

A waje Manaja ya ce in ajiye katin shiga ɗakin na'urori wurin mai gadi, in zauna a gida sai an neme ni. Ya kira ni butulu. Shi. Na ce ya gaishe da kantunansa goma sha bakwai.

Mai Tabarau kuma ta wuce ni a matakala. Na ce, "Malama." Ba ta ko rage tafiya ba.

Alhamis, 28 ga Satumba, 10:00 na safe

Labari ya kai wa Yaya. A baranda ya shaƙe ni da wuyan riga ya haɗa ni da bango, maɓalli biyu suka tsinke. Bai zage ni ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Ka bar ni na je na ci mutuncin baiwar Allah. Ka dube ni a ido ka bar ni." Ƙanwarsa ta fito ta ce, "Yaya, ba a nan ba." Ya sake ni ya goge hannunsa a wando.

An ce ya je ya ba matar haƙuri, ya kai mata sabon allo. An mayar da ita bakin aiki. An ce kuma an ɗaga kason asibiti zuwa cikakken gudun layin, an raba su da kantuna. Aikin rabin yini. Wani ne ya yi, ba ni ba.

Litinin, 2 ga Oktoba, 1:00 na rana

An sallami Baba zuwa gidansa. Maman 'yan biyu ta bi shi can. Na wanke kwanukan.

Laraba, 4 ga Oktoba, 11:30 na safe

Jiya ta bugo waya. Yaya ya koma hanya da motarsa, zai yi kwana goma. Babu mai ɗaga Baba zuwa banɗaki, ita ba za ta iya ba. Ta ce in zo ƙarfe bakwai. Ta ce kuma Baba bai sani ba, ta hana kowa gaya masa. "Da bakinka zai ji."

Na je. Da ya gan ni rabin fuskarsa ya yi murmushi, ya ɗaga hannun hagu. Na ɗauke shi, ya yi nauyi fiye da yadda na zata, ƙafar dama tana jan ƙasa. Na zaunar da shi a kujerar roba na yi masa wanka, na goge shi, na sa masa riga, na mayar da shi gado na jingina shi da filo biyu.

Sannan na zauna a bakin gadon na gaya masa. Ban kawo zancen kaso ko tambari ba. Na ce an kira ni an ce tsoho ne jini ke zuba a kansa, ina da ikon buɗe hanya cikin minti biyu, na ƙi saboda haushin wata mata, na tafi cin abinci.

Kansa garau yake, likita ya faɗa. Ya ji duka. Ya daɗe yana kallona da idon nan ɗaya mai kyau. Bakinsa ya yi ta motsi, sautin ya fito sau biyu, ban gane ba. Na matsa kusa. Sai ya sa hannun hagu a ƙirjina ya ture ni, ba ƙarfi, amma turewa ce. Ya nuna ƙofa.

Na tashi na fita.

Tana tsaye a tsakar gida da kwandon shanya, ta ji komai ta taga. Na tsaya ina neman takalmina. Na ce, "Ya kore ni."

Ta ce, "Na gani."

"To shi ke nan?"

Ta yarfe rigar Baba ta rataya a igiya, ta sa mata maƙali biyu.

"Gobe ƙarfe bakwai," in ji ta. "Ko yana so ko ba ya so, sai an ɗaga shi."